Tambaya ta Bakwai

Ni malamar makaranta ce, shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajina zai gaya maka abin da na fi tsana: a ba ka takarda ka hau amsa tambayoyi ba ka karanta abin da aka rubuta a samanta ba. Maƙogwarona ya sha wuya a kan wannan. Na faɗa tun yanzu ne don in an zo wurin da na yi abin kunya, kada a ce na ɓoye.

Mahaifina mai gyaran agogo ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai yankan makulli da wata mai sayar da zare, kuma in mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya tsaya a tsaye. Teburi ɗaya, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, farin ƙyalle shimfiɗe a kan teburin, sai agogunan bango goma sha ɗaya da masu su suka kawo gyara suka manta da su. Shekararsa saba'in da shida. Tun da mahaifiyarmu ta rasu yake zaune shi kaɗai a ɗakuna biyu, tafiyar minti goma daga shagon. Ni Auta yake kirana har yau, ko da yake furfura ta fara cin gaban kaina.

Dokoki biyu muka tashi muka tarar a gidanmu, kuma duk na Baba ne. Ta farko, lokaci. In Baba ya ce ƙarfe ɗaya, to ƙarfe ɗaya yake nufi, ba ɗaya da minti biyu ba. Mahaifiyarmu takan ce agogo ta aura aka haɗa mata da mutum. Ta biyu, agogon da aka buɗe ba a tashi a bar shi. In ya cire murfin bayan agogo, ba ya ci, ba ya sha, in ka yi masa sallama hannu kawai zai ɗaga maka, har sai ya mayar da murfin ya ji ya ce ƙas. Ya ce ƙura ba ta jiran kowa, kuma hannu yana manta inda ya tsaya. Dokokin nan biyu ba mu taɓa ganin sun yi karo ba, don Baba yana da sauri. In ya buɗe agogo ƙarfe goma sha ɗaya, sha biyu za ta yi masa yana goge gilashinsa.

Shekara goma sha huɗu yana fama da ciwon suga, yana shan ƙwayoyinsa safe da yamma ba fashi. Bara ƙwayoyin suka fara gazawa. Ya rame har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa, gorar ruwa ba ta rabuwa da gindin kujerarsa, kuma na'urar gwajin suga ta shiga nuna lambobin da ko ni da ban san komai ba sai gabana ya faɗi.

Sai Yaya ya shigo maganar. Yayana yana can wani gari mai nisa, yana da gida mai ɗakin baƙi da ba kowa a ciki, kuma ɗakin nan ya daɗe yana damunsa. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da ke zuwa da motar kwasar kaya. Ya kira ta bidiyo, fuskarsa ta cika wayar.

"Baba, shagon nan ya isa haka. Ka dawo wurina ka huta."

"Na ce maka na gaji?"

"Ba sai ka ce ba. To bari mu yi haka. In an shawo kan sugan nan, ban da magana. In kuwa wani abu ya same ka a wurin nan kai kaɗai, zan zo in sa kwaɗo da hannuna."

Baba ya dubi wayar kamar an kawo masa agogon roba. Ya ce, "Ranar da za ka sa kwaɗon, ka bari in shiga tukuna."

Ni na san ba wasa yake ba. Na ga yadda yake zama ranar da ba ya fita aiki, hannuwansa a kan gwiwa kamar na aro. Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar cewa shagon nan ba za a rufe shi ba, ko da zan yi faɗa da Yaya da duk zuriyarsa.

Likitar Baba yarinya ce, na girme ta nesa, amma tana da natsuwa. Ta ce lokacin tunanin allurar insulin ya yi, kuma ga irin Baba hanya biyu take gani. Ko dai allura ɗaya da safe tare da ƙwayoyi, sugan ya sauka daidai gwargwado. Ko kuma a ƙara da allura kafin kowane cin abinci, sugan ya sauka sosai, amma wannan tana da sharaɗi: in ka yi ta, dole ka ci abinci nan take, in ba haka ba sugan zai faɗi ƙasa warwas, kuma ga tsoho wannan ya fi hawan haɗari. Ta rubuta mana adireshin wani shafi na intanet a 'yar takarda.

"An yi shi ne don dattawa masu suga," in ji ta. "Tambayoyi ne goma sha biyu. Ba ya yanke wa kowa hukunci, yana dai nuna wa mutum abin da ya dace da irin rayuwarsa. Ku cika a gida cikin natsuwa, ku kawo min mu duba tare."

Ranar Asabar da la'asar na zauna a falon Baba na buɗe shafin a wayata. Shi yana tsaye yana wana agogon bango. Akwai wani rubutu a sama cikin akwati mai ruwan toka, na ture shi da yatsa na wuce, ni da na cika takardun duniya. Na ga tambayoyi, sai jinin malanta ya motsa. A wurina kowace tambaya tana da amsar da ake so, kuma ni ba a kayar da ni jarrabawa.

Ta huɗu ta ce: kana cin abinci a kan lokaci kullum? Na yi dariya. Mutumin da unguwa ke saita agogo da fitowarsa? Na danna e. Ni nake kai masa kular abinci kowace safiya a hanyata ta makaranta, in biyo da yamma in ɗauke ta wayam, har a wanke.

Ta bakwai ta ce: kana iya ganin ƙananan lambobi da ƙananan abubuwa ba da wahala ba? Wannan kam har da buga cinya.

"Me aka tambaya?" in ji Baba, bai juyo ba.

"Wai ko kana gani."

"Me kika ce?"

"Me zan ce? Na ce kana gani."

Ya ɗan tsaya da makullin agogon a hannu. Sai ya ce, "To," ya ci gaba da wana agogonsa.

A ƙarshe shafin ya jera hanyoyin biyu gefe da gefe, kowace da amfaninta da haɗarinta. Ya ce bisa amsoshin nan, duka biyun za su iya yi wa Baba. Idona ya sauka kan wadda aka ce ta fi saukar da suga, ban ƙara ganin komai ba. Lambobi nake so, masu kyau, waɗanda zan tura wa Yaya in toshe masa baki.

Likita ta karanta amsoshin, ta dubi Baba. "Baba, duk haka ne? Kana ci a kan lokaci? Ido lafiya?"

"Yadda ta rubuta," in ji shi.

Ta sake tambayarsa ta wata fuskar, ya sake ba ta amsar nan. Ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai kamar uwar da ɗanta ya zo na ɗaya.

Haka aka tsaya a kan hanya ta biyu, mai allura kafin kowane cin abinci. Nas ce ta koya masa allurar. Kamar biro take, ana murɗa gindinta tana ƙas-ƙas, lamba tana fitowa a wata 'yar taga. Baba bai ko kalli tagar ba. Ya kai biron kusa da kunnensa ya murɗa, ya ce, "Shida." Nas ta duba, shida ce cif. Ta mayar, ya sake, ya ce, "Takwas." Ta kira abokiyar aikinta ta zo ta ga abin mamaki. Ni kaina ya kumbura. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa mai gani zai ƙirga da kunne ba.

Mako uku komai ya tafi yadda nake so. Lambobi suka sauko, ina ɗaukar hotonsu ina tura wa Yaya ba ko gaisuwa. Ya daina zancen kwaɗo.

Ranar wata Laraba, ƙarfe biyu da kwata, ina ɗakin malamai ina duba littattafan yara, wayata ta yi ƙara. Mai yankan makulli ne, maƙwabcin Baba na shekara talatin, wanda muke kira Kawu.

"Malama, ki zo yanzu. Babanki yana zagina."

"Kawu, wane irin zagi?"

"Zagi na sosai, har da uwata. Gumi yake kamar an watsa masa ruwa, maganarsa kuma tana harɗewa. Bai gane ni ba."

Baba bai taɓa zagin ko kaza ba. Na tuna abin da nas ta faɗa, na ce, "Kawu, yana iya haɗiya? To a dama sukari a ruwa a ba shi, yanzu, ko yana so ko ba ya so. In ya daina amsawa kada a ɗura masa komai, a kira motar asibiti." Na fita da gudu, jan birona a hannu, jakata ma sai washegari aka kawo min.

Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf, mai sayar da zare tana durƙushe da kofi a bakinsa. Gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa in zai duba cikin agogo yana lilo a wuyansa. Ya fara dawowa hayyacinsa. Ya dube ni ya daɗe kafin ya gane ni, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kada a taɓa teburin."

A kan farin ƙyallen akwai wani ɗan agogon hannu na mata, irin na da wanda ake wanawa da hannu, bayansa a buɗe. Kular abinci tana ƙarƙashin teburi, ko murfinta ba a murɗa ba. Kawu ya ɗauki kofin gilashi ya kife a kan agogon da abin da ke kewaye da shi, ya ja ƙofar shagon ya kulle.

A cikin mota Baba ya rufe ido, Kawu ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malama, akwai abin da zan gaya miki, ko da zai yi fushi da ni. Abincin nan naki, na ci shi ya fi a ƙirga."

"Kamar yaya?"

"Yanzu yawancin aikinsa sauya batir ne da maɗauri, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Amma duk ranar da aka kawo agogo na gaske, to ya wuni ke nan. Abin da yake yi a awa ɗaya da, yanzu sai ya kai la'asar. Ya fi shekara a haka. In yamma ta yi ya miƙo min kular ya ce in taimaka, kada Auta ta yi surutu."

"Tun da ya fara allurar fa?"

"Tun da ya fara ta, yana cin abincinsa, don ba a kawo na gaske ba sai sau ɗaya ko biyu, ya lallaɓa da alewa. Yau ne aka kawo wannan da hantsi."

Na rasa wa zan yi wa faɗa. Kawu, da ya cinye min abinci ya wanke kula? Baba? Na juya na kalli titi don kada su ga idona.

A asibiti likita ta zo ta tsaya a bakin gadon. "Baba, ka yi allurar rana?"

"Ƙarfe ɗaya daidai."

"Ka ci abinci bayanta?"

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Agogo a buɗe yake."

Ba ta gane ba, sai da na yi mata bayani. Allura an ce ƙarfe ɗaya, don haka ƙarfe ɗaya ya ajiye hantsakinsa ya yi ta, wannan ba ya buƙatar tashi. Abinci kuwa sai an wanke hannu, an kawar da kai daga teburi, kuma ba a yin haka da buɗaɗɗen agogo. Duka dokokinsa biyu ya kiyaye, saura kaɗan su kashe shi.

Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi jin daɗi. Ta kira ni ofishinta, ta buɗe shafin nan a kwamfutarta, ta juyo min da fuskar. Ta sa yatsa a kan akwatin nan mai ruwan toka da ke sama.

"Kin karanta wannan?"

Na karanta shi a lokacin. Cewa ya yi: mai ciwon ne zai amsa da kansa. In kana taya shi, karanta masa tambayar, ka jira, ka rubuta abin da ya faɗa ko da kana ganin ka fi shi sani.

Ni, mai fasa maƙogwaro. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ni ma da laifina," in ji ta. "Na tambaye shi a gabanki. Yanzu na dakatar da allurar cin abinci, ya ci gaba da ta safe kawai. Ku sake cikawa, shi ya amsa, ku kawo min ranar Litinin."

Yaya ya kira da yammar nan. Ya yi faɗansa ya gaji, sannan ya sassauto, abin da ban zata ba.

"Ji nan, Auta. Ni ma ba so nake in kashe shi da zama ba. In matsalar ta cin abinci ce kawai, a canza allurar, ya ci gaba da zuwa shagonsa. Amma in akwai wani abu bayan wannan, in jikinsa ne ya daina ɗaukar aikin, to na gama magana. Ki turo min duk abin da ya amsa, kada ki gyara ko ɗigo."

Aka sallami Baba ranar Alhamis. Juma'a na tsare shi a gida da ƙyar. Ranar Asabar da na iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na tarar ya sa takalmi tun da safe.

"Kwana uku agogon mutane yana buɗe," in ji shi. "Ban taɓa ba tun da nake."

"Baba, sai mun cika abin nan."

"Ki cika a can."

Haka muka tafi, ni da kular abinci da waya, shi da makullinsa. Sai da ya bi agogunan bango ɗaya bayan ɗaya ya wana su, ya saita waɗanda suka tsaya, sannan ya zauna. Ni na tsaya a bakin ƙofa, don babu wurin zama na biyu. Na karanta masa akwatin mai ruwan toka da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Ashe akwai wannan," bai ƙara ba.

Ban taɓa sanin shiru yana da wuya haka ba. In karanta tambaya, amsa tana kan harshena, in cije. Ta huɗu, ko yana ci a kan lokaci kullum.

"A'a," in ji shi. "In da aiki, a'a."

Na rubuta. Ta biyar, ko ya taɓa jin rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani tun da ya fara allura. Na ɗauka zai ce sau ɗaya.

"Sau uku. Biyu na sha alewa suka wuce."

Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Na rubuta uku. Ta shida, ko akwai wanda ke kusa da shi da rana. Ya ce akwai wani ɓarawon abinci a shagon gefe. Kawu ya jiyo ta bango ya ce Allah ya isa. Muka yi 'yar dariya, ita ce kaɗai ta ranar.

Sai ta bakwai. Na karanta a hankali: kana iya ganin ƙananan lambobi da ƙananan abubuwa ba da wahala ba?

Agoguna goma sha ɗaya suna ta bugawa, kowane da muryarsa. Baba ya kama gilashin da ke wuyansa yana juya shi.

"Ina gani," ya ce.

Na danna e da sauri kafin ya canza. Allah ya yafe min, daɗi na ji. Na tuna biron a kunnensa, na tuna maganar Kawu a mota, na ture su gefe. Ai shi ya faɗa, ba ni ba. An ce in rubuta abin da ya faɗa, na rubuta. Muka ƙarasa sauran. Ta ƙarshe ta tambayi abin da ya fi muhimmanci a wurinsa, ya ce, "In tashi da safe in san inda za ni." Shafin ya nuna allurar safe ɗaya ta fi dacewa da shi. Shi ke nan, Yaya ya ce in abinci ne kawai babu kwaɗo. Na ɗaga yatsa zan tura masa.

"Dakata," in ji Baba. "Bari in rufe wannan tukuna, hankalina ya kwanta."

Ya kunna fitila, ya ɗaga kofin gilashin. Ya ce aikin ya ƙare tun ranar Laraba, ɗan noti ɗaya ne ya rage, ya suɓuce daga hantsaki wajen ƙarfe goma sha ɗaya, shi yake nema har abin ya faru. Na ce a kawo maganaɗisu mana. Ya ce maganaɗisu ba ya zuwa kusa da agogo, ko wannan ban sani ba? Ya maƙala gilashin a idonsa, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen, ya fara bi daga kusurwar hagu, yana taɓawa da kan yatsa kaɗan-kaɗan.

Ni daga inda nake tsaye, ba gilashi ba komai, na gan shi. Yana kwance a kan farin ƙyallen, ɗan baƙi kamar ƙwayar yashi, yana ƙyalli a hasken fitila, tsakaninsa da agogon bai kai faɗin yatsa biyu ba. A cikin da'irar da kofin ya bari yake. Ko yaron aji ɗaya zai gan shi.

Na ce a raina yanzu zai kai wurin. Ya kai. Gilashin ya bi ta kansa ya wuce. Yatsan ya sauka a kansa daidai, ya danna, ya ɗaga, ya yi gaba. Ashe ba idon kaɗai ba, yatsun ma sun daina ji.

Ya kai ƙarshen ƙyallen, ya dawo kusurwar hagu ya sake farawa. Awa uku ya yi yana wannan ranar Laraba, shi kaɗai, awa ta ƙarshe da allura a jikinsa.

Na san abin da zan yi. Zan sunkuya kamar na ga wani abu a ƙasa, in lakato notin da yatsa ina tasowa, in ce ga shi nan ya faɗo bayan ƙafar teburi, shi ya sa ba ka gan shi ba. Zai karɓa, ya lallaɓa ya ɗaura, ya rufe agogon, in tura wa Yaya amsoshi, ranar Litinin ya fito aiki. Hannuna har ya tashi. Sai na ga Larabar da za ta biyo baya, da wadda ke bayanta, da ranar da Kawu zai tafi wani wuri ya bar shi. Hannun ya tsaya a iska, na rasa gaba na rasa baya.

"Auta," in ji Baba, kansa a sunkuye. "Kin yi shiru. Ke kuwa ba ki iya shiru ba."

Na sauke hannuna.

"Kin gan shi ko?"

"Na gani, Baba."

"A ƙasa?"

Ga ƙofa ya buɗe min da kansa. Da na ce e, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda.

"A kan ƙyallen," na ce. "Dama da agogon. Ka taɓa shi ɗazu."

"Tun yaushe kika gan shi?"

"Tun da ka ɗaga kofin."

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe zaune, ya cire gilashin daga idonsa, ya zare igiyar daga wuyansa, ya ajiye shi a gefe. Fatar da ke kewaye da idon ta yi zobe ja, kamar yadda na saba gani tun ina yarinya.

"Kin tura wa yayanki?"

"Ban tura ba."

"Koma ta bakwai."

"Baba, in ya gani..."

"Ke karatu aka ce ki yi, da rubutu. Karanto."

Na koma. Na sake karanta masa ita, kalma bayan kalma, kamar bai taɓa ji ba.

"A'a," ya ce. "Ya fi shekara."

Na danna a'a. Wani rubutu ya fito a ƙasa, cewa a gaya wa likita, a duba idon da wuri, kuma a sami mai duba lambar allura kafin a yi. Na karanta masa duka, ya saurara yana gyaɗa kai.

"Tura masa," ya ce.

Na tura. Ban ma sauke wayar ba na ga alamar Yaya ya buɗe. A daidai nan agogunan bango suka buga ƙarfe ɗaya, su goma sha ɗaya, babu wanda ya riga wani. Wayar ta fara ƙara a hannuna, na bar ta tana yi.

Baba ya kashe fitila. Ya ce, "Zubo min ruwa in wanke hannu, ki miƙo kular."

Na dubi teburin. "Baba, agogon..."

"Na sani."

Ya juya kujerarsa ya ba teburin baya, ya ɗora kular a cinya ya murɗe murfin. Yana ci a hankali, ina tsaye a bakin ƙofa ina kuka, agogon yana bayansa a buɗe.